Kunnuwa Huɗu a Kan Tagulla

Shekara goma sha tara na yi ina gadin ƙofa saboda wasu 'yan zane-zane da ba su kai ƙwayar shinkafa tsawo ba. Wanda ya sa ni gadin kuwa yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Da wani ne daban, wallahi da tuni mun raba gari.

Shagonmu na sassaƙa rubutu ne. Allon ƙofar ofis, lambar gida, 'yan ƙarafan da ake rataya wa makullai, allon tagulla na girmama wanda ya gama aiki, duk muna yi. Ni ke zama a kanta, teburin da ke gaban shago, ina karɓar aiki. In rubuta abin da mutum ke so a takarda, in sa shi ya karanta ya sa hannu, don kada gobe ya dawo yana rantsuwa cewa ba haka ya faɗa ba. Yaya yana ɗakin ciki. Hagunmu mai faci ne, damanmu mai gyaran agogo, samanmu kuma likitan haƙori, wanda injinsa da namu kan wuni suna gasar ƙara.

Tun yana ɗan shekara goma sha biyar Yaya yake riƙe da madoshi, ɗan ƙarfen nan mai kaifin baki da ake sassaƙa rubutu da shi. Ba ya surutu, ba ya sauri, ba ya kuma son mai sauri. Amma in ya sassaƙa maka harafi a tagulla, sai ka ji kamar ka lashe shi don kyau. A gidansa babu abin da ya tsira. Matarsa ta taɓa nuna min cokali, ya sassaƙa "cokali" a jikinsa. Ta ce, "Ki gani fa, wai don kada in ɗauka tsintsiya ce." Da ɗansu na fari ya kawo sakamakon makaranta ya zo na biyu, Yaya bai ko dubi makin ba. Rubutun malamin ya tsaya yana kallo, yana girgiza kai, wai layin ya karkace.

Sai tsohon mai shagon, Allah ya jiƙansa, ya sayo inji. Na hannu ne, an ci moriyarsa a wani wuri, ya zo da wata kwamfuta mai baƙar fuska. Ba hoto, ba launi, ba abin latsawa da yatsa, sai wani ɗan farin ɗigo yana ƙifta maka ido yana jiran umarni. Wani injiniya mai ɗaure wuya ya kwana biyu yana haɗa wayoyi, sannan ya koya wa Yaya abin da zai yi. Ka rubuta sunan aikin, ka biyo shi da rubutun da kake so, ka danna babban maɓalli. Kamar haka:

zana "Ofishin Akawu"

Alamun zancen nan na gefe da gefe, mu a shago kunnuwa muke kiransu. Injiniya ya ce su ne takardar ƙunshi. Kwamfuta na ganinsu ta san duk abin da ke tsakani ƙulli ɗaya ne, sai ta kwance ƙunshin ta yar, ta miƙa wa inji abin da ke ciki. Aikin da Yaya kan kwana biyu a kai, inji ya gama shi kafin shayi ya huce. Masu sassaƙa uku ne a shagon lokacin. Aka sallami biyu, aka bai wa Yaya kujera da madannai, ya koyi bugawa da yatsa biyu kamar kaza na tsattsagar hatsi. Madoshinsa ya naɗe a tsumma ya sa a aljihun tebur.

Sati na uku aka yi abin kunya. Wani mai shagon magani ya kawo takensa, yana so a rataya a saman ƙofa, kuma yana so da kunnuwa a cikin rubutun. Yaya ya buga yadda aka rubuta masa:

zana "Dokarmu ita ce "kashe ciwo tun yana ƙarami""

To ita kwamfuta ina ruwanta da nufinka? Kunnen farko ya buɗe ƙunshi, tana ganin na biyu ta ce an rufe. Kalmar kashe da ke manne da kunnen ta bi ƙullin farko, sauran kalmomin suka watse ɗai-ɗai, inji kuma ƙullin farko kawai yake karɓa. Yaya ya fita shan ruwa, mai shago ya naɗe allon bai duba ba, mai magani ya sa aka buga masa da ƙusa shi ma bai duba ba. Rabin wuni allon ya yi a saman ƙofar shagon magani yana shaida wa duniya: Dokarmu ita ce kashe. Ya dawo mana da shi a hammata, jijiyar wuyansa ta tashi, yana cewa tun safe ko mai ciwon kai bai leƙo ba.

Ba a gama da wannan ba sai ga mai aikin famfo, yana son 'yan ƙarafan da za a rataya wa bututu, kowanne da girmansa da alamar inci, wato kunne guda tilo. Nan kuma kwamfuta ba ta watsar ba, zama ta yi. Ta ga an buɗe ƙunshi ba a rufe ba, sai ta sauka layi na gaba ta zuba ido. Yaya ya danna babban maɓalli, ta sake sauka. Ya danna, ta sauka. Ya yi mata magana mai daɗi, ya yi mata marar daɗi, ni ma na shigo na taya shi. Sai da muka zare wayar wuta.

Aka kira injiniya. Ya shiga ɗakin ciki shi da Yaya, bai yi minti goma ba ya fito ya hau babur ɗinsa. Na ce, "Yaya, me ya ce?" Ya ce, "Ya ce injin tsoho ne." Sannan ya je ya sami mai shago ya ce kada a wahalar da kowa. Duk inda ake son kunnuwa, zai bar musu fili a rubutun, inji ya yi nasa, shi kuma ya ƙarasa da hannu. Mai shago ya ce in dai ba za a sake jawo masa mai magani ba, ya yi yadda ya ga dama.

Ranar ce madoshi ya fito daga tsumma, ranar ce kuma na zama mai gadi.

Don Yaya ba ya yin kunnuwa haka kawai. Sai ya wanke hannu. Sai ya goge gilashinsa da gefen riga, ya wasa madoshi ko da jiya ya wasa shi, ya juya fitila ta haska daga hagu. Sannan ya leƙo ya ce min, "Ƙanwata, ƙofa." In rufe ƙofar ɗakin ciki, in jawo kujera in zauna a bakinta. Minti ashirin ba mai shiga, ba mai tari, ba mai buga kanta. Duk wanda ya zo in ce masa, "Yi haƙuri, ana kunnuwa." Na taɓa hawa sama na roƙi likitan haƙori ya dakata da injinsa, ga mutum a kujera baki buɗe. Ya kuwa dakata, don shi ma allon ƙofarsa aikin Yaya ne.

Kuma ba zan ɓoye ba, kunnuwan suna da kyau. Kai a cike, wutsiya siririya, ta ɗan lanƙwasa kamar za ta yi motsi. A cikin haruffan inji masu tsayuwar soja, su kaɗai ne ke da rai. Labari ya bazu, mutane suka fara neman kunnuwa a inda ba a buƙatarsu. Wani mai shagon kifi ya dage sai an sa su a kan kalmar sabo. Na ce, "Malam, mutane za su ɗauka kana musu ba'a ne." Ya ce shi dai ya gani a allon maƙwabcinsa kuma ya ba shi sha'awa. Yaya bai taɓa yarda a karɓi ko sisi a kansu ba. Ni kuwa na riƙa yi wa mutane bayani da gadara, kamar ni na ƙera injin: "Ai na'urar nan ba ta iya kunnuwa. Duk duniya an rasa yadda za a yi. Sai hannu." Sau nawa na faɗi wannan? Allah kaɗai ya sani.

Da tsohon mai shago ya rasu, 'yarsa ta karɓi wurin. Manaja muke ce mata, ko da yake a gabanmu ta koyi tafiya. Ta yi karatun kwamfuta mai zurfi. Satinta na farko ta tsaya a bayan Yaya tana kallon yana barin fili a rubutu, ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗago ya dube ta ta saman gilashi, sai ta rufe bakin ta ce a sayo sabuwar fanka. Na ce a raina, ka ga yarinya mai tarbiyya, ta san inda iliminta ya tsaya.

Bara hannun Yaya ya fara rawa. A kofin shayi na fara lura, cokali na kaɗa kansa. Na yi kamar ban gani ba, shi ma ya yi kamar ban gani ba. Minti ashirin ya koma arba'in. Wata rana ina shara na tarar da allo a bayan kabad, kunne ɗaya ya zarce ya yanki harafin kusa da shi. Bayan sati biyu na tarar da wani. Na kwashe su na zuba a jakata na kai gida na tura ƙarƙashin gado, ni da ban taɓa ɗaukar ko allura a shagon nan ba. Tsoro nake ji ƙwarai. Mutumin nan in aka raba shi da ɗakin ciki, ban san wane ne zai rage ba. Matarsa ma ta ce min, "In aka dawo min da shi gida ya zauna, sai ya sassaƙa ni."

Ana haka ma'aikatan wani ɗakin haihuwa suka zo su uku. Babbar ungozomarsu za ta ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar, suna son allon tagulla babba, da maganar da take faɗa wa kowace mai naƙuda: "Ki yi numfashi, ba ke kika fara ba." Suka ce da kunnuwa, don maganarta ce. Jibi da tsakar rana za su zo ɗauka, taron da yamma ne. Tagulla mai wannan girman biyu ce ta rage mana, kuma mai kawo mana sai ƙarshen wata.

Washegari inji ya yi nasa, Yaya ya ce, "Ƙanwata, ƙofa." Na zauna. Ina jin ɗan bugun nan, tas, tas, tas, sai na ji wani ƙiiii mai tsawo, daga nan shiru. Ban jira izini ba na tura ƙofa. Madoshi ya zame ya ja layi tun daga kunnen farko har tsakiyar kalmar numfashi. Yaya na zaune ya danne hannun dama da na hagu a kan gwiwa. Kafin in kai allon jakata, Manaja na tsaye a bayana.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi allon, ta dubi jakata da ke buɗe, ta ce, "Gwaggo, biyun da ke wurinki ma ki dawo da su, ana narkar da su." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sannan ta durƙusa kusa da kujerar Yaya ta ce, "Baba, saura ɗaya, kuma gobe ne. Ni ba zan taɓa maka madannai ba. Amma in wannan ma ya lalace, dole in sa wani a ɗakin nan. Ni da kai mun san akwai wata hanya." Ta miƙe ta fita.

Na bi ta har waje ina zazzaga mata. Wata hanya? Wato hanyar gida ke nan? Mutumin da ya sassaƙa miki lambar kekenki kina 'yar shekara biyar? Na faɗa mata abubuwan da har yau in na tuna sai in rufe fuska. Mai faci ya bar tayarsa yana kallo. Ita dai cewa take, "Gwaggo, ki yi haƙuri," ba ta ƙara komai ba.

Da safe na zo da dabaru cike da kai. Na ce in riƙe masa gwiwar hannu. Na ce a kira mai gyaran agogo, hannunsa ba ya rawa, ba wanda zai sani. Na ce a bar kunnuwan gaba ɗaya mu ce wa matan yanzu ba a yayinsu. Yaya kuwa ya miƙe. Ya wanke hannu, ya goge gilashi, ya ɗaura tagullar ƙarshe a kan inji. Ya ɗauki madoshi ya riƙe shi a iska, mu biyu muna kallon bakinsa yana kaɗawa kamar ganye. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Ƙanwata, ƙofa." Na juya zan fita, ya ce, "A'a. Rufe ta kina ciki."

Ya ajiye madoshi, ya jawo madannai. Da yatsunsa biyun nan ya fara bugawa, ina tsaye a kansa. Da ya iso inda ya saba barin fili, sai ƙaramin yatsansa ya miƙa can gefe, ya taɓa wani maɓalli da ban taɓa ganin an taɓa ba, wata 'yar sanda da ta jingina baya. Bai nema ba, bai ko dubi madannan ba. Ya sa ta gaban kunnen buɗewa, ya sa ta gaban na rufewa:

zana "Kullum takan ce \"Ki yi numfashi, ba ke kika fara ba\""

Ya danna babban maɓalli. Na rufe ido ina jiran abin mai magani ya maimaita kansa. Inji ya yi ta ƙararsa, ya yi shiru. Na buɗe ido. Ga rubutu cikakke, ga kunnuwa a mazauninsu, huɗu in ka ƙirga 'yan zane-zanen, biyu a farkon maganar biyu a ƙarshe. Ban ma san lokacin da ya yanka su ba.

Na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

Ya ce, "Sandar ce ke gaya wa kwamfuta kunnen da ke biye ba na ƙunshi ba ne, na rubutu ne, ta bar shi ya wuce."

"Yaushe ka sani?"

Ya jawo aljihun tebur, ya ɗaga tsumman madoshi, ya ciro wata 'yar takarda da ta yi ja don tsufa. Rubutun injiniya ne. Sanda, kunne, da kibiya tana nuna su. Ke nan tun ranar nan da ya hau babur ɗinsa.

Wallahi sai da na ga duhu. Na ce, "Shekara goma sha tara! Ka dasa ni a bakin ƙofa kamar tukunyar fure! Na hana likita cire haƙori! Na gaya wa rabin garin nan duk duniya an rasa yadda za a yi! Na zama ɓarauniyar tagulla da furfurata!" Ina faɗa ina buga tebur, shi kuwa yana shafa kunnuwan injin da babban yatsa.

Da na gaji na yi shiru, ya ce, "Sun fi nawa miƙewa." Can kuma ya ce, "Ranar da injin nan ya shigo, ya karɓe haruffa duka, ya karɓe lambobi, har ɗigo bai bar min ba. Waɗannan kaɗai ya kasa. Da mutumin ya ba ni takardar, na ce bari in ƙara sati ɗaya da madoshi, sannan in faɗa. To, satin ne bai ƙare ba sai yau."

Tausayinsa ya kama ni har ya fi ƙarfin fushin, kuma fushin ba ƙarami ba ne. Na zauna a kan kwalin takardu na yi kukana, shi ya miƙo min tsumman madoshi in share hawaye, duk mai.

Da na buɗe ƙofa Manaja na jingine da kanta. Ta karɓi allon ta duba, ta dubi Yaya, ta ce, "Sannu da aiki, Baba." Shi ke nan abin da ta ce. Na ce, "Ke ma kin sani?" Ta ce, "Gwaggo, a watan farko ake koya mana wannan." Ashe a duk shagon ni kaɗai ce ke gadin gaskiya da gaskiya. Na ba ta haƙurin jiya, na kuma ja mata kunne cewa in mai faci ya ji labarin nan, ni da ita ne.

Matan ɗakin haihuwa suka zo da tsakar rana. Suka karanta, suka yi dariya, ɗaya ta share ƙwalla, suka naɗe allonsu suka tafi. Babu wadda ta dubi kunnuwan sau biyu. Na ga Yaya yana leƙensu ta ƙofa har suka fita.

Yana nan a kujerarsa har yanzu. Yatsu biyu sun ishe shi bugawa, rawar hannu ba ta hana su. Duk aikin da ya zo da kunnuwa, inji ke yi, kafin ka ƙifta ido ya gama. Amma har yau in irin aikin ya zo, sai ya wanke hannu, ya goge gilashi, ya leƙo ya ce, "Ƙanwata, ƙofa." Sau ɗaya na leƙa ta kafar makulli. Inji ya daɗe da yin shiru, allo na kwance a gama. Yaya na zaune ƙarƙashin fitila, ya tallafe hannun dama da na hagu, yana wasa madoshi a hankali.

Na koma kujerata. Wani mutum ya shigo yana sauri, yana buga kanta da makullin mota, wai lambar gida yake so yanzu-yanzu. Na ce masa, "Malam, rage murya. Ana kunnuwa."